Wata Ukun da Na Ɓata wa Falmata

A duk shekarun da na yi ina aikin ungozoma, ranar da ba ta taɓa fita raina ba wata ranar kasuwa ce cikin bazara, a wani ƙaramin gidan likita na ƙauye a yankin Gure. Ina shekarata ta huɗu da fara aiki. Mu biyu ne a wurin: ni a ɗakin haihuwa da awon ciki, sai Majo Abdu, shugabanmu. Ba mu da lokotoro, wato babban likita. Abin da ya fi ƙarfinmu mukan rubuta takarda mu tura Gure, su kuma in ya fi ƙarfinsu su tura Damagaram. Majo ya riga ni fara aiki da kusan shekara ashirin. Ba shi da yawan magana, kuma ba a saba katse shi ba in ya fara abu.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kawo wata mai shayarwa a amalanke daga wajen Alakos, tare da uwarta, Ya Hawa, wadda ke goye da jinjirar. Ƙa'idarmu ita ce in Majo zai duba mace sai ina tsaye, don haka ya kira ni.

Nononta na hagu ya kumbura, ya yi tauri. Majo ya tambayi tsohuwar tun yaushe, ta ce kwana goma. Ya nemi karne, ɗan littafin da muke rubuta wa marar lafiya abin da aka yi masa, ta ce an baro shi a daji. Ya ce ƙurji ne, ruwan nono ya kwanta ya yi mugunya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu shayarwa: a tsaga, a matse, a wanke, a ba da magani. Ya yi irinsa ba iyaka. Ya ce in shirya bisturi, ƴar askar da muke tsagawa da ita.

Sai da na zo riƙe mata hannu na dubi fuskarta da kyau. Falmata ce. Wata uku kafin nan, lokacin sanyi, ta kawo jinjirar nan rigakafi. Mata sun cika rumfa, ina ta sauri. Da za ta tashi ta ce mini a hankali akwai wani abu kamar ƙwallon dabino a nononta, ba ya ciwo. Na taɓa sama-sama, na ce ruwan nono ne, na ba ta ƙwayoyi, na ce ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Ban sa mata ranar dawowa ba. Ban gaya wa Majo ba.

Yanzu ga shi fatar wurin ta yi kauri da ƴan ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki. Na zura hannu hammatarta, na ji kaluluwa mai tauri, ba ta motsi. Jikinta kuma ba zazzaɓi. Ƙurji ba ya wata uku bai fashe ba. Abin da aka koya mana a lakkal, makarantar ungozoma, game da sankarar nono ya dawo mini, har da gargaɗin cewa in aka tsaga ta miki ne za a bari wanda ba ya warkewa.

Falmata ta gane ni, na ga haka a idonta, amma ba ta ce kome ba. Ba karne, tsohuwa ta ce kwana goma. In na yi shiru, ba mai sanin na taɓa ganinta. In na yi magana, sunana zai shiga rahoton da ake kaiwa Gure.

Majo ya riga ya shafa maganin wanke fata, ya ɗauki askar.

Na ce, "Majo, don Allah a dakata."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Riƙe ta da kyau, Madam Rabi."

Na sake cewa a dakata. Ya dube ni, ya tambaye ni da Faransanci, don kada su ji, me ke damuna. Na amsa da Hausa, don na san in na faɗa da Faransanci wani ɓoyon ne kuma.

"Ba kwana goma ba ne. Wata uku ke nan da ta nuna mini ƙullutun nan. Ni na ce mata ruwan nono ne, na sallame ta."

Askar tana hannunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ajiye ta cikin tire. Ya taɓa hammatar da kansa. Ya ɗauki allura ya soka a tsakiyar kumburin ya ja, don a ga ko akwai mugunya. Babu, sai ɗan jini. Ya ce, "Kawo takardar turawa."

Nan Ya Hawa ta miƙe. Barbarci ne harshensu, amma Hausarta ta kasuwa ta ishe ta fahimtar abin da na faɗa. Ta nuna ni ta ce, "Ashe ke ce. Ta dawo ta ce mana likita ta ce ba kome, shi ya sa muka zauna." Ta ce ta ji labarin Damagaram, can yanke wa mata nono ake yi, kuma mijin Falmata ya yi nisa da raƙumansa, ba wanda ya ba su izini. Za ta kai ta wurin wanzami. Ta ja hannun ƴarta suka fita.

Majo ya bi su cikin rana, ya tsuguna gaban amalanken yana kiranta Inna, yana lallashi. Ta kau da kai. Mai amalanke ya fara kwance saniya daga turke don su tafi. Sai Falmata ta juyo wurina.

"Madam, wancan karon kin ce ba kome. Yau me kike cewa?"

Na ce, "Yau ba zan ce miki na tabbatar ba. Amma ina tsoron sankara ce. In kika koma daji, ina tsoron ba za ki ga yayen yarinyar nan ba."

Ta dubi jinjirar. Ta yi wa uwarta magana da Barbarci, gajeriya, sannan ta sauko. Majo ya shiga kasuwa ya nemo wan mijinta wajen masu awaki, shi ya ba da izini. Kafin la'asar motar asibiti ta tafi da su Gure.

A Damagaram aka gutsuri tsoka aka auna, sankara ce. Aka wuce da ita Yamai, aka yi mata ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, aka cire nonon. Majo ya rubuta rahoto yadda abin ya faru, bai rage ba bai ƙara ba. An kira ni Gure na amsa tambayoyi. Da na gama na tambayi lokotoron Gure ko wata ukun nan ya canja wani abu. Ya ce, "Ba zan ce miki bai canja ba."

Falmata ta dawo bayan kusan shekara, ta rame, amma da ƙafafunta. In ta zo kasuwa takan leƙo ta gaishe ni, wani lokaci ta kawo mini wata mace ta ce in duba ta sosai. Ta ƙara shekara uku a duniya. Ya Hawa kuwa har na bar ƙauyen ba ta sake amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku san cewa macen karkara ba ta buɗe ƙirjinta don wasa. Kafin ta ce "akwai wani abu" ta daɗe tana fama da kunya, kuma sau ɗaya za ta faɗa. Abin da kuka ce mata shi za ta kai gida, a zauna a kansa. Tun daga ranar, duk wadda ta nuna mini ƙullutu sai na kwantar da ita na duba har hammata, na sa mata ranar dawowa, na rubuta sunan ƙauyenta. In ranar ta wuce ban gan ta ba, ba na jira. Ni nake zuwa nemanta.