Kanwar Gaji

Gidanmu na Fagge ya watse tuntuni, amma ban manta da murhun Kaka Falmata ba. Mahaifiyar babana ce, 'yar asalin Barno, kuma a hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyata. Sana'arta haɗa turaren wuta, saboda haka bayan sallar isha'i garwashinta bai gama mutuwa ba. Nan muke kewaye ta, ni da yaran maƙwabta, tana juya itacen turare a kasko, ƙamshi na bin kayanmu har makaranta. Duk layin babu mai barkwancinta. Bikin da ba ta je ba, mata sukan ce bai yi armashi ba.

"Ku matso, ga wata nan tafe," in ji ta. Mu kuwa mu ce, "Ta iso, muna ji."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Gaji, wata mata a ƙauyen masunta bakin tafki. Gaji ba ta rabo da dariya. Wanda jirginsa ya kife, ko wadda ɗanta ke ciwo, gidanta suke zuwa, su fito ransu wasai. Kullum da almuru sai ta tafi bakin ruwa ita kaɗai, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. Mutane suka ce tsabta ce ta yi mata yawa, fuska take wankewa.

Wata shekara ruwa ya janye. Daidai inda take durƙusawa aka tarar da ƙasa ta yi fari fat, ta daskare kamar dutse. Wani tsoho ya lasa, sannan ya ce, "Wannan hawaye ne." Kaka ta ce daga nan aka samo kanwa. Mutanen gari suka yi ta haƙa suna lodawa jakuna, ita kuwa Gaji ta ci gaba da ba su dariya har ta mutu.

Na ce, "Kaka, to me ya sa ta kuka?"

Ta hura garwashi, ta ce, "Kai ma da neman magana. Ai ba wanda ya tambaye ta, a ina zan ji?" Ta kwashe da dariya, muka taya ta.

Na riga na fara aiki a wani shagon atamfa a Kantin Kwari lokacin da Allah ya yi mata rasuwa. Ranar sadakar uku wata dattijuwar Ibo ta shigo da lulluɓi. Mama Nkechi ce, mai sayar da kwalabe a Kasuwar Sabon Gari, wadda Kaka ke sarin kwalaben zuba humra a wurinta. Bayan ta yi gaisuwa ta ja ni zaure.

"Ɗana, wace ce Bintu?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Shekara da shekaru, in kakarka ta zo sai ta wuce bayan shago, ta zauna a kan kwali ta yi kuka, tana kiran sunan nan. In ta gama na ba ta ruwa ta wanke fuska, ta fito tana tsokanar yarana."

"Mama, ba ki taɓa tambayar ta ba?"

"Na ji tsoro kar ta daina zuwa."

Na tambayi babana, na tambayi gwaggonnina, har Maiduguri na buga waya wurin ƙanin Kaka da ya rage. Babu wanda ya taɓa jin wata Bintu. Ko 'ya ce, ko ƙanwa, ko ƙawar ƙuruciya, Allah ne masani.

Da, ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin bayanin yadda aka samu kanwa. Sai yanzu, in na dawo ɗakin hayata na zauna ni kaɗai, nake gane cewa Kaka ta faɗa mana iyakar abin da bakinta zai iya ɗauka. Mun kwana ɗaki ɗaya, mun ci a kwano ɗaya, amma in kuka ya zo mata sai ta tsallaka titi, ta kai shi unguwar da ba a san danginta ba.