Kawu Bakht Zamin Ya Kwanta a Kan Tudunsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata, huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran kawuna, Bakht Zamin, a ƙauyenmu kusa da Carsadda. Masu ta turo saƙo ku yi haƙuri, sai yau na iya riƙe waya.

Kawu, ba wanda ya taɓa shiga gidanka ya fita bai sha shayi da mazarƙwaila ba, ko da faɗa ya kawo shi. Ni kuwa kullum sai ka tsokane ni: "'Yar waya, aje wayar taki ki zo ki ga abin kallo."

Abin kallon, tsoffin kwabban jan ƙarfe ne da ruwan sama ke tonowa daga tudun nan na tsakiyar gonar rakenka. Wasu masu kusurwa huɗu, giwa a gaba, sa mai tozo a baya. Gefe ɗaya rubutun Girkawa, ɗaya gefen na mutanen ƙasar nan na da. Ba ka iya karanta ko ɗaya ba. Cewa kake, "Sarkin da ya yi wa kowa magana da yarensa, ai mutumin kirki ne." Kowane yaro ka bar shi ya taɓa, amma ba a saka a aljihu.

Abin da ruwa ya fito da shi kawai kake tsinta. Masu haƙa don neman kayan tarihi sun yi ta zuwa, har da motar tono, ka ce a'a. Da ciwo ya kwantar da kai sai suka koma wajen ɗanka Shamsher, kuma ya fara saurarensu. Kowa ya san kana rufe ido za a baje tudun.

Ana gobe za ka rasu ka kira liman da Shamsher, ka ce a binne ka can saman tudun.

"Baba, ga maƙabarta kusa?" in ji Shamsher.

"Kai dai ka hau da ni, malalaci. Can iska ta fi."

Haka aka yi. A garin nan wa zai kai motar tono kusa da kabarin mutum? Jiya masu haƙa suka zo gaisuwa, suka hau tudun, suka yi fatiha, suka sauko suka tafi.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Matarsa Bibi Zarmina, Shamsher da sauran 'yan uwa, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.