Yadda Kawu ya zaɓa mini yaren kwamfuta

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, yayata da ke aiki a Zinder ta aro mini tsohon ordinater ɗinta, wato kwamfuta. Ta ce wata uku ta ba ni. In ta zo Tanut ta tarar na koya wa injin wani abu, ya zama nawa. In ba haka ba, a jakarta zai koma.

Wata guda cur na ɓata ina zaɓen yaren da zan fara koyo. Da safe in ce Python, da azahar wani a waya ya ce Java ce ta manya, kafin la'asar na koma C. Darussa na cika waya da su, layi ɗaya ban rubuta ba. Tsoro nake ji ƙwarai, kada in zaɓi na banza a yi mini dariya.

Kawuna dillalin dabbobi ne, boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Wata rana ya tarar da ni a zaure na zabga tagumi, na yi masa bayani don kawai ya ƙyale ni.

"Uku ne kike taya?" in ji shi. "Ɗiyata, ba a sayen dabba a kwance. Tashe su su yi tafiya in gani."

Ya kira maƙwabcinmu tela da wani Bafillace abokinsa, wai shaidu. Na kwafo yadda ake sa kowane yare ya rubuta sallama. Java ta ci layi biyar, C ma kusan haka, Python layi ɗaya. Kawu ya kanne ido yana leƙen gilashin kamar mai duba haƙoran rago.

"Waɗannan biyu cinsu ya fi aikinsu. Wannan ta ƙarshe taguwa ce mai haƙuri, irin wadda ake ɗora sabon mahayi." Ya kama hannuna ya ɗora kan injin. "Ce kin saya."

Na ce na saya, ina danne dariya.

"Kun dai ji. Ciniki ya faɗa, babu mayarwa."

Na ɗauka wasa ne. Bayan kwana huɗu na fara ƙorafin ko dai Java ta fi, sai ga tela ya leƙo ta taga yana tuna mini shi shaida ne. Haushi ya sa na zauna na koya.

Abin da na haɗa ƙarami ne: ka rubuta rana, injin ya gaya maka garin da kasuwa ke ci. Kawu ne ya jero mini ranakun.

Yaya ta iso ranar kasuwar Tanut. Ta zauna ko mayafi ba ta cire ba, ta rubuta ranar. Injin ya amsa da ƙarfin hali: Gangara. Ga kukan raƙuma muna ji daga cikin gida. Ashe na zame jerin da rana ɗaya. Na ga ta jawo jakarta.

Kawu ya ɗora sandarsa kan jakar.

"Me kika ce mata? Ta koya masa wani abu. Da ya zo gidan nan, ya san akwai wani gari Gangara?"

"Kawu, ai kuskure ya yi."

"Baƙuwar dabba ce, ranar farko kowace takan ɓata hanya. Kin taɓa ganin an mayar da taguwa don ta yi tuntuɓe?"

Tela ya ce shi bai taɓa gani ba. Yaya ta dube su, ta dube ni, dariya ta ƙwace mata. Ta ce in gyara kafin ta gama cin tuwo.

Na gyara tana loma ta uku. Da jakarta ta koma Zinder, cike da cuku.