Yadda Baba Ari Ya Daina Tambaya

Shekarar da na shiga lakwal, wato makarantar boko, lokacin shanyar tattasai, na ga mahaifina ya zazzage buhu a garkarmu ta bakin Komadugu, tattasan ya fito baƙi ƙirin yana warin ruɓa. Ƙanensa, Baba Ari, yana tsaye gefe yana murza hularsa. Babba ne da gemunsa, amma Allah ya yi shi da jinkirin fahimta. Magana in ta yi tsawo sai ta kuɓuce masa.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, ya san da hakan, kuma yana da dabararsa. In aka sa shi aiki, sai ya tsaya ya maimaita maganar gaɓa-gaɓa yana lanƙwasa yatsu, inda ya maƙale ya ce, "Nan ne ban kama ba, sake." Da haka yake ban ruwa, yake tsinka, yake shanya, ba a taɓa samun ɓarna a hannunsa ba. Garkar nan ita ce duk mutuncinsa, shi ke riga kowa isa. Amma mutanen gidanmu ba su da haƙurin wannan tsayawa. Mata su yi ta dariya, yaran unguwa su kwaikwayi yatsun, mahaifina kuwa wata rana ya daka masa tsawa a gaban 'yan ƙwadago: "Ari, sau nawa zan faɗa? In an yi maka magana ka ce to!"

Ya kuwa koyi cewa to. Kwanaki kafin a zazzage buhun nan, mahaifina yana sauri zai tafi kasuwar Maine, ya jero masa aiki ko numfashi bai ja ba: ya ɗure wanda ya bushe, ya juya na tsakiya, ya bar tsinkar jiya a rana. Baba Ari ya ce to, ya haɗa busasshe da ɗanye ya ɗinke buhuna. Da ɓarnar ta fito, hukuncin da aka yanke shi ne kada ya ƙara taka garka. Ba wanda ya tuna waye ya rufe masa baki.

Yanzu ya tsufa, yana hannuna a cikin Diffa. In ina masa bayanin maganinsa nakan ga idonsa ya tsaya cak, sai in ce, "Baba, maimaita mini, ba komai." Sai ya waiga ƙofa tukuna. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, amma har yanzu izininsa yake jira.