Man Shanu a Tuwon Baba

Baƙin tabo ne ya fito wa Baba a tafin ƙafa. Ya ce ƙaya ya taka a gonarsa ta Udubo, muka yarda, don Baba ba a ja da shi. Sai da wurin ya fashe ya ƙi warkewa, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, sannan ya bari na kai shi asibiti a Azare.

Likitar, wata 'yar kudancin Bauchi, ta ce sankarar fata ce, kuma ta riga ta bazu. Ta ce akwai allurar da ke zaburar da garkuwar jikin mutum ta yaƙi ciwon da kanta, amma su ba su da ita. Ni da shegen tambaya na ce to a gida me za mu yi? Ta ce masu bincike na ganin irin wannan ciwon yana cin kitse ya ƙara ƙarfi, har ya kashe wa garkuwar jiki gwiwa.

"To mu hana shi maiƙo ke nan?"

"Ban ce ba. Ba a gama ganewa ba tukuna. Kuma kin ga yana ramewa."

Haba! Wannan wace irin amsa ce, don Allah?

Mu kuwa a gidanmu ba a jinya sai da man shanu. Innarmu Bafulatana ce, a wurinta majinyaci ya rame abin kunyar matarsa ne. Na faɗa mata abin da na jiyo. Da ta kawo wa Baba tuwon dawa, sai ta ɗebo man a cokali ta tsaya cak, tana kallona, wai ni ce na yi boko.

"Ke nake jira. In zuba ko kar in zuba?"

Wallahi ban sani ba. In na ce a'a, ga ƙasusuwan wuyansa a waje. In na ce e, ƙila ciwon muke yi wa kiwo.

Baba ne ya turo kwanon gabanta.

"Zuba, Hajiya. In ma tare muke ci da ciwon, ai ni ma na samu rabona."

Ta zuba. Ko rabin malmalar bai iya ci ba.