Igiyar Korar Jan-baki

Jariatu ta gaji gonar shinkafa daga mijinta, a fadamar da ke tsakanin Malanville da Madekali. Mace ce mai ƙaramar murya, ko ihu ta yi ba ya tsallake kunya biyu. In shinkafa ta fid da kai, tsuntsayen jan-baki kan sauko kamar hayaƙi, kowa kuma daga gonarsa kaɗai yake kora, inda suka faɗa ba ruwansa. Masu babbar murya su tsira, tsuntsu ya tare a wurinta.

Da wata damina ta zagayo, sai ta ja igiya ta rataya gwangwanayen tumatir da tsakuwa a ciki. Da ta kai iyaka, ta miƙa wa maƙwabcinta Issufu bakin igiyar.

"Baba Issufu, gama da taka. Wanda ya ja, ta kaɗa muna duka. In ka tahi salla in tsare, in na tahi dahuwa ka tsare."

"In kwana ya ɗauke ni fa?"

"Sai in kwance abina."

Dattijon ya yi dariya ya ɗaura. Da aka yi girbi, Na-Allah da ke gefensu ya ga buhunansu, ya roƙa a haɗa da shi. Aka haɗa. Amma shi ɗan kabu-kabu ne, da hantsi ya yi sai ya hau babur ya nufi gadar Gaya neman fasinja, ya bar musu ja. Jariatu ba ta yi faɗa ba, ta je ta kwance ƙullin. Bayan tsuntsu ya yi masa ɓarna, Na-Allah ya dawo yana sosa ƙeya. Issufu ya rantse ba za a mayar da shi ba.

"Baba, in mun bar shi, gonatai za su sauka, daga nan su tsallako muna," in ji ta. "A sake gwada shi."

Tun daga ranar Na-Allah bai ƙara barin igiya ba sai ya bar wani a kai. Haka abin ya bi fadama, maƙwabci ya gani wurin maƙwabci, ba da umarnin maigari ba.

Gonakin bakin hanya ne kawai suka ƙi. Baƙi ke hayarsu, bana wannan, baɗi wancan. Jariatu ta sha zuwa da kanta tana lallashi, a banza. Daga baya ta daina, ta ce wanda ya san ba zai sake ganinka ba, da wuya ya tsaya cikin rana dominka.

Yanzu gwiwa ta hana ta shiga laka. Ɗiyarta Rukaiya ke noman, ita kuma tana zaune a inuwar mangwaro tana gyaran albasa.