Kofin Misbahu Yana Kife

Aikin farko yau: kwaso kofuna daga gidan makoki.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Baba Gwadabe mai shayi, na bakin layinmu a unguwar Briqueterie. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe yana jinya ba.

Baba, unguwa ta san ka da shayi da burodi. Mu da muka bar tramol mun san ka da katakon nan na bayan teburinka, inda kowannenmu yake da kofinsa a kife. Ba ka taɓa yi mana wa'azi ba. Kai ma ka sha, ka bari, ba ka kuma ɓoye ba. Dokarka ɗaya ce: kowa ya zo da safe ya ɗaga kofinsa da hannunsa. Kofin da hantsi ya tarar a kife, sai ka bar wa maƙwabci tebur, ka ɗauki butar shayi, ka nufi gidan mai shi.

Haka ka zo mini ranar da na kulle kaina a ɗaki, ƙwayar tana aljihuna. Ba ka tambaye ni komai ba. Ka zauna a dokin ƙofa ka ce, "Tahiru, shayinka na hucewa, ni kuma gwiwata ba ta shiri da siminti." Kunya ce ta sa na buɗe. Da wani ne, ban san abin da zan yi ba.

Misbahu, mai haya da moto, wato babur, a unguwar Mokolo, shi ne sabo a cikinmu, shi ya fi ba ka wahala. Ya taɓa ce maka, "Baba, kai jandarma ne da kake bina?" Ka ce, "Ka taɓa ganin jandarma ya zo da madara, ɗan nema?"

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar rasuwarka baƙi sun yi yawa, sai na kwashe kofunan duka na kai wa matarka, Inna Tasalla, a ba masu gaisuwa shayi. Na ɗauka hidima nake maka. Katako ya zauna fayau, kowa na zaton ya ga kowa a cikin taro. Sai yau, bayan sadakar uku, da na mayar da su kowa ya ɗaga nasa, ɗaya ya rage. Ashe ko a maƙabarta ba wanda ya ga Misbahu. Wayarsa a kashe take.

Da la'asar na je unguwar Messa, inda Misbahu yake zaune. Moto ɗinsa na jingine, ƙofa a kulle ta ciki. Na yi sallama, na ji motsi. Na ce, "Misbahu, ka sha ne?" Motsin ya tsaya. Sai a hanyar dawowa na tuna kai ba ka tambaya, kuma ba ka zuwa hannu rabbana.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya buɗe maka ƙofar rahama kamar yadda ka jira a ƙofofinmu. Inna Tasalla da 'ya'yan Baba, Raliya da Adawiyya, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu ma ku sa mu a addu'a.

Na gobe:

Aron butar Baba wurin Inna.
Madara da sukari.
Messa, kafin hantsi, da kofinsa.
In zauna a dokin ƙofa. Kada in tambaya.